Tambayi Likita: Mai Ciwon Gaɓoɓi da Kakin Soja

Duk lokacin da aka yi shelar ɗaukar kurata, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sukan sauya kama, domin masu tambaya a kan hawan jini da ciwon suga sukan ja baya, matasa masu son kaki da iyayensu su cika akwatin. A wannan karon da dama daga cikinsu sun taru a kan ciwon gaɓoɓi, shi ya sa na zaɓi uku. Kamar kullum, na cire sunayen masu su.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni matashi ne ɗan shekara 21, ina zaune a Tawa. Shekara biyu ke nan gwiwata ta dama da idon sahuna na hagu suna kumbura lokaci-lokaci, da safe kuma ƙuguna yakan ƙage, sai na yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya saki. A gida ana cewa sanyin ƙashi ne, an yi mini ƙaho, na kuma sha jiƙo iri-iri. Babu abin da nake so kamar aikin soja. Abokaina sun ba ni shawarar in sha diklofenak da tramol kwana uku kafin ranar bizit, wato ranar da likitocin soja ke duba lafiyar masu neman shiga, in kuma an tambaye ni in ce ban taɓa ciwo ba. Shin ana ɗaukar mai irin wannan ciwo? Kuma me ka gani game da shawarar tasu?

AMSA: Ƙanena, Allah ya ba ka lafiya. A wasiƙarka ka faɗi wuraren da ke maka ciwo, amma ba ka faɗi sunan ciwon ba, alhali kuwa amsar tambayarka tana rataye ne da wannan suna. Abin da muke kira sanyin ƙashi buhu ne da muke zuba duk ciwon da ya kama gwiwa ko ƙugu ko gadon baya, tun daga gajiyar dattijon da ya yi shekara 50 yana duƙe a gona har zuwa amosanin jinin da ke hana yaro barci lokacin hunturu. Likitan soja ba ya yanke hukunci a kan buhu a ɗaure, sai ya zazzage shi ya ga abin da ke ciki, kuma ya fi maka alheri ka riga shi zazzagewa.

Ciwon gaɓoɓi gida biyu ne manya. Akwai na zaizayewa, wanda ake rubuta wa arthrose a takardar asibiti, inda guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashi yake cinyewa saboda tsufa ko nauyin jiki ko wani tsohon rauni. Mai shi yakan ji zafi in ya yi aiki, ya sami sauƙi in ya huta, ƙagewar safe kuma ba ta kai rabin awa. Akwai kuma na kumburi, wanda yake tasowa daga cikin jiki, ko dai saboda ƙwayar cuta ko saboda garkuwar jiki ta juya tana yaƙar gaɓoɓin mai ita. Wannan yakan tashi mutum daga barci a ƙarshen dare, ƙagewarsa ta safe takan wuce rabin awa, kuma motsi ne ke sassauta shi, zama kuwa ya ƙara shi. Labarin da ka bayar, wato gwiwa ɗaya da idon sahun ɗaya ɓangaren da ƙugun da sai an taka yake saki, ga kuma shekarunka, ya fi karkata ga gida na biyu.

Wannan bai rufe maka ƙofa ba tukuna, domin a cikin gidan kumburin ma akwai baƙo mai tafiya, akwai mai zama. Akwai kumburin da ke biyo bayan zawo mai tsanani ko ciwon sanyi da mako ɗaya zuwa huɗu, kuma a nan ina nufin ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa, wanda matasa ke jin nauyin faɗa wa likita, alhali faɗarsa ce take gajarta bincike. Irin wannan yakan wuce ga mafi yawan mutane cikin wata shida zuwa shekara, ko da yake yakan zauna wa wasu. Akwai kuma cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nono da cukun da aka yi da madarar da ba a tafasa ba, wadda likitoci ke kira brucellose. Duk mutumin Adar ko Azawak da ya zo mini da ciwon ƙugu da zazzaɓin dare da gumi, sai na tambaye shi abin da yake sha da safe, domin wannan cuta tana son ƙugu da gwiwa, kuma maganin ƙwayoyin cuta na mako shida ko fiye yana kawar da ita. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya da gwiwa, shi ma ana warkewa. Masu zama kuwa su ne irin su polyarthrite rhumatoïde, mai son ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu a ɓangarori biyu lokaci guda, da spondylarthrite, mai farawa daga ƙugu a ƙuruciya ta bi ƙashin baya sannu a hankali. Waɗannan ana lallashinsu da magani har mutum ya yi shekaru lafiya lau yana sana'arsa, amma suna nan kwance, suna iya tashi ba sallama.

Yanzu bari mu duba abin ta idon likitan soja. Tambayar da ke gabansa ranar bizit ta wuce ko gwiwarka tana ciwo a wannan safiya. Abin da yake auna shi ne ko wannan gwiwa za ta ɗauki watannin horo a Tondibiya, sannan ta ɗauki shekarun da za su biyo baya a duk inda aka tura ka. Soja a fagen aiki yakan ɗauki bindiga da harsasai da rigar sulke da ruwa da guzuri, abin da ke iya kai kilo 25 ko fiye. A tafiya kawai, ba gudu ba, nauyin da ke sauka kan gwiwa a kowane taku yakan ninka nauyin da ƙafa ke ɗauke da shi sau biyu zuwa uku. Ke nan saurayi mai kilo 65 da ya goya kaya kilo 25, gwiwarsa tana karɓar abin da ya kai kilo 180 zuwa 270 a kowane taku, cikin rairayi ko kan duwatsun Adar, sau dubbai a yini. Gaɓa mai kumburi da aka yi wa haka tana saurin lalacewa, kuma guringuntsin da ya cinye ba ya sake tsirowa.

Sai kuma maganar nisa. Mai kumburi mai zama yana buƙatar magani kullum da awon jini a kai a kai, domin magani irin metotirezat sai ana lura da hanta da ƙwayoyin jini, sababbin alluran da ke danne ciwon kuwa sai an ajiye su cikin sanyin firiji tsakanin digiri 2 da 8, kuma dukansu suna rage garkuwar jiki har tarin fukan da ke kwance ya iya farkawa. Wanda ke Yamai zai iya rayuwa da wannan tsari. Wanda aka tura Dirku ko Madama, ko wani sansani a bakin iyaka, ba zai iya ba. In kuma gwiwarsa ta kumbura ana tsakiyar sintiri, abin ya shafi kowa, domin kafin a fitar da mutum ɗaya da ya kasa taka ƙafa sai an cire wasu daga aiki su ɗauke shi.

Saboda haka ne rundunonin duniya suka yi kusan baki ɗaya a kan wannan batu. Sojan Faransa, wanda aikin likitancin soja na ƙasashenmu masu Faransanci ya ɗauki abubuwa da yawa daga gare shi, yana auna mai neman shiga da haruffa bakwai, SIGYCOP. Harafin S na kafaɗu da hannuwa ne, I na ƙugu da ƙafafu, G na lafiyar jiki gaba ɗaya, sauran kuma na gani da bambance launi da ji da lafiyar ƙwaƙwalwa. A S da I da G ana ba da maki daga 1 zuwa 6, inda 1 ke nufin babu aibi, kuma kowane aiki yana da makin da ba a yarda a wuce ba. Ciwon kumburi mai zama yana taɓa haruffa biyu ko uku a lokaci guda, domin cuta ce ta jiki duka da ta bayyana a gaɓa. A Amurka kuwa, ƙa'idar Ma'aikatar Tsaro mai lamba 6130.03 ta lissafa cututtuka biyu masu zama da na ambata, polyarthrite rhumatoïde da spondylarthrite, cikin abubuwan da ke hana shiga, ko da mutum ya zo ranar awo ba ya jin komai, sai fa in runduna ta duba takardunsa ta yi masa rangwame na musamman. A nan gida, hukuncin yana hannun likitocin soja da ke duba masu neman shiga, bisa sharuɗɗan da aka shelanta na wannan ɗauka. A ganina, in bincike ya tabbatar ciwonka mai zama ne, ka shirya zuciyarka cewa za a ce ba ka dace ba, kuma hukuncin yana da hujja. In kuwa baƙo ne mai tafiya, aka yi magani ya wuce bai bar tabo a gaɓa ba, ba ka da dalilin fid da rai, ko da ya zama sai ɗauka ta gaba.

Shawarar abokanka kuwa, ban ga alheri a cikinta ba ko kaɗan. Diklofenak yana kashe zafi, yana kuma rage kumburi na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da naman cinyar da ya motse, ba ya buɗe gaɓar da ta ƙage, kuma likitan da ya ce ka tsuguna, ka tsaya a ƙafa ɗaya, ka duƙa ka taɓa ƙasa, ya san abin da yake nema. A ce ma ka tsallake, to, bizit yini ɗaya ne, horo kuwa watanni ne, kuma jiki magayi. Abin da ke faruwa da mai ɓoye ciwo shi ne ya ci gaba da haɗiyar ƙwayar kowace safiya don kada a gane, alhali yana gudu cikin zafin Afrilu da Mayu da kan kai digiri 45, yana zubar da gumi, ruwan sha kuma a ƙididdige. Wannan haɗi na diklofenak da ƙishirwa da wahalar jiki sananniyar hanya ce ta kashe ƙoda, ban da gyambon ciki mai zubar da jini. Tramol ya fi muni, domin yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, yana kuma jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya in an sha da yawa, ga shi ana iya gano shi a fitsari. Zan ƙara da deksa, wanda masu tallan magani a tire ke haɗa wa mutane don sanyin ƙashi: yana sa mutum ya ji garau cikin kwana biyu, amma yawan shansa yana iya kashe kan ƙashin cinya inda yake shiga ƙugu, saurayi ya koma ɗingishi har abada.

Akwai kuma abin da abokan naka ba su lissafa ba. Ciwon da soja ya samu saboda aiki daban yake a idon doka da ciwon da ya shigo da shi, kuma likita yana iya gane tsohon ciwo a hoton ƙashi. Wanda aka sallama saboda ciwon da ya ɓoye yakan fita ne da gwiwar da ta fi ta da lalacewa, ga ƙaryar da ya sa wa hannu tana cikin takardunsa, kuma da wuya ya sami hujjar neman diyya.

Abin da za ka yi shi ne ka je babban asibitin jihar Tawa tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je lokacin da gwiwar take a kumbure in da hali, kuma kada ka sha maganin zafi a ranar. Ka faɗa wa likita ko ka taɓa yin jan ido mai zafi da ƙin haske, ko ciwon diddige, ko ƙuraje masu ɓawo a gwiwar hannu da fatar kai, ko zawo ko fitsari mai zafi kafin ciwon ya fara, da kuma ko akwai mai irinsa a dangi. Za a nemi awon jini na alamun kumburi, wato VS da CRP, da awon nau'in jini na amosani, da hoton ƙugu da na gwiwa, wataƙila kuma a zuƙi ruwan gwiwar a duba. In abin ya nuna kumburi mai zama, ka nemi a tura ka wajen likitan gaɓoɓi a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Tafiyar ta haura kilomita 500, na sani, amma shekarun farko su ne lokacin da magani ya fi ceton gaɓa, kuma kai ka riga ka ci biyu daga ciki a kan ƙaho da jiƙo. Duk takardar da aka ba ka ka adana ta, ka tafi da ita bizit, domin takardar da ta nuna an gano ciwo, an yi magani, an warke, ita ce babbar mai ba ka shaida.

TAMBAYA: Likita, ina gaisuwa. Ni uwa ce a Yamai. Ɗana yana da shekara 10 ya yi zazzaɓi mai zafi, gwiwa ta kumbura, ta saki, gwiwar hannu ta kama, haka ciwon ya riƙa yawo. An yi ta yi masa allura duk wata har shekara huɗu, sai muka bari da kanmu da muka ga ya warke. Yanzu shekararsa 19, yana buga ƙwallo, ba ya kukan komai, kuma yana son shiga jandarma. Wancan ciwon zai hana shi?

AMSA: Hajiya, ina amsawa, Allah ya raya shi. Ciwon da ke tashi daga wannan gaɓa ya faɗa waccan, tare da zazzaɓi, ga yaro tsakanin shekara 5 da 15, sannan aka bi shi da allurar wata-wata, ya yi kama ƙwarai da abin da ake rubuta wa RAA a katin asibiti, wato zazzaɓin gaɓoɓi mai iya taɓa zuciya. Yakan biyo bayan ciwon maƙogwaro da mako biyu zuwa uku. Gaɓoɓin ɗanki ba su ne abin damuwa ba, domin wannan cuta ba ta barin tabo a gaɓa. Inda take barin tabo shi ne ƙofofin cikin zuciya, kuma allurar penisilin da aka riƙa yi masa an yi ta ne don kada ciwon ya dawo ya ƙara taɓa su. A ƙa'ida ana ci gaba da ita aƙalla shekara 5, ko har yaro ya kai shekara 18 zuwa 21, in kuwa zuciya ta taɓu a wuce haka da nisa, saboda haka kun tsaya da wuri.

Buga ƙwallo ba tare da haki ba alama ce mai daɗi, amma ba ta isa shaida ba, domin ƙofar zuciya tana iya yin yoyo kaɗan shekara da shekaru mai ita bai sani ba, sai ranar da aka matsa wa jiki. Ki kai shi wajen likitan zuciya a yi masa eko, wato hoton da ke nuna ƙofofin suna buɗewa da rufewa, ana kuma yin sa a manyan asibitocin Yamai. In ƙofofin lafiya suke, ya tafi bizit da sakamakon da tsohon katinsa, ya faɗi tarihinsa yadda yake. In an ga sun taɓu, maganar jandarma sai a ajiye ta, a koma kan allura da kulawar likitan zuciya, domin gudu da kaya a kan zuciya mai yoyo kasada ce da rai.

TAMBAYA: Likita, ni ɗan kokawa ne daga wani ƙauye kusa da Tawa, shekarata 23. Shekara uku da suka wuce gwiwata ta murɗe a fili, maɗori ya gyara mini. Yanzu tana ƙara in na tsuguna, wani lokaci kuma takan kuɓuce mini in na juya da sauri. Na yi awon jini an ce ni AS ne. Wanne ne zai hana ni shiga soja a cikin biyun?

AMSA: Ɗan'uwa, gwiwar ce ta fi ba ni tsoro. Ƙarar gaɓa ita kaɗai, in babu zafi babu kumburi, ba cuta ba ce, kuma masu lafiya da yawa gwiwarsu tana yi. Kuɓucewa kuwa wani abu ne daban, domin tana nuna wataƙila jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ta tsinke ranar da ka murɗe, ko kuma faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya yage. Maɗori yana iya daidaita ƙashi, amma hannunsa ba ya kai wa ga jijiyar da ke can cikin gaɓa, hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna ta, sai gwajin hannun likitan ƙashi da hoton IRM, wanda ke nuna jijiyoyi da naman cikin gaɓa. Gwiwa mai kuɓucewa ba ta wuce bizit, kuma in aka bar ta haka ita ce ke zama ciwon zaizayewa tun mutum bai tsufa ba. Ana gyara irin wannan jijiya da tiyata, sannan a yi wata tara zuwa shekara ana motsa ƙafar a hannun masu gashin ƙashi kafin a koma gudu da juyi, saboda haka ka duba iyakar shekarun da aka sa a shelar ɗauka ka yi lissafinka tun yanzu.

AS kuwa ba amosanin jini ba ne, gado ne na rabi, kuma ba ya kumbura gaɓa. Masu SS da SC su ne ciwon ke kama wa ƙashi, har kan ƙashin cinya ya mutu, su kam aikin soja ba nasu ba ne. Sojan Amurka yana ɗaukar masu AS, sai dai an lura cewa in aka matsa musu da gudu mai tsanani cikin zafi ba tare da isasshen ruwa ba, naman jikinsu ya fi saurin narkewa ya toshe ƙoda. Ka nuna sakamakon ranar bizit likitocin su yi hukunci da shi, kuma ko a filin kokawa ne, in ka ji cinyoyinka sun ɗaure da zafin da ba ka saba ji ba, ko ka ga fitsarinka ya koma launin shayi, ka tsaya nan take, ka sha ruwa, a kai ka asibiti a ranar.